Tambarin Kafin Dashi

A zamanin Sarki Isiyaku, bayan Nasara sun ci Birnin Dargaza sun bar wa sarki gadonsa amma sun ɗauke masa takobi, an yi wani hakimi da ake kira Marafa Lurwanu. Shi ke riƙe da ƙasar Kafin Dashi, can iyakar gabas, inda gonaki suka ƙare duwatsu suka fara. In an ce yana riƙe da ita, kada mai karatu ya ɗauka ya taɓa ganinta. Hakiman wancan zamani a birni suke zaune kusa da fada, jakadu ke kai-komo tsakaninsu da talakawansu. Marafa ya yi shekaru yana shan zumar Kafin Dashi, dawakinsa suna cin dawarta, amma da za a sauke shi a ƙofar garin sai ya tambayi hanyar gidan sarauta.

Ana nan sai Nasara suka ce su ba su san wannan irin mulki ba, kowane hakimi ya tattara ya koma ƙasarsa ya zauna. Hakimai suka yi ta gunaguni a zaurukansu, amma da yake babu mai son a ji muryarsa a bariki, kowa ya shiga ɗaure kaya. Sai da aka zo kan Marafa magana ta tsaya, domin akwai tsohon zance a ƙasa. Mahaifiyarsa 'yar Sarkin Kafin Dashi na ƙarshe ce, wanda mahaifin Sarki Isiyaku ya ci da yaƙi. Tun ranar aka kashe sarautar garin, aka tsaga fatar tambarinsu, aka bar musu itacen kawai. Dokar ƙasar Dargaza kuwa kowa ya san ta: ba a buga tambari sai a ƙofar sarki, duk wanda ya sa aka buga masa a wani wuri ya ce shi ne sarki ke nan, ko bai buɗe baki ba.

Ranar da majalisa ta zauna, Galadima Jibir ne ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa. Shi da Marafa ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba tun suna samari, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne yana sha'awar ƙasar nan ga babban ɗansa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Zaki. Ni ban zargi Marafa da komai ba, bawanka ne kamar yadda nake bawanka. Sai dai manya sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A can akwai itace da ke jiran fata, a nan kuma ga jikan mai itacen. Ina tsoron ranar da za su ga juna."

Marafa ya ji zuciyarsa ta tafasa, amma ya danne, ya dunƙule hannu ya yi jinjina.

"Allah ya ja zamaninka. A gidanka aka haife ni, rawanin da ke kaina da hannunka ka naɗa. Garin da Galadima ke kirana jikansa, ban san launin ƙasarsa ba. In an ce in tafi, zan tafi in zama kunnenka da hannunka. In an ce in zauna, ga ni."

Sarki Isiyaku tsoho ne, kuma tun ranar da ya ga abin da bindiga mai ruwa, wadda Nasara ke ɓarin harsashi da ita, ta yi wa mutanensa a gindin ganuwa, ya zama mai tsoron kowane irin motsi. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya yanke hukunci. Marafa zai tafi, amma sai ya rantse a gaban majalisa ba za a ji tambari a Kafin Dashi ba muddin yana can. Kuma Jakada Dangana, tsohon bawan fada wanda ya goyi sarki yana yaro, zai bi shi ya zauna tare da shi. Abin da Dangana ya ji, sarki ya ji. Abin da bai ji ba, bai faru ba. Marafa ya rantse da zuciya ɗaya, yana ma mamakin yadda za a rantsar da mutum a kan abin da bai taɓa yi masa kwarjini ba.

Haka ɗan birni ya wayi gari a ƙauye. Shekarar farko ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ruwan garin ya ƙi cikinsa, hirar mutanen ta ƙi kunnensa, kullum da la'asar sai ya hau ganuwa ya tsaya yana kallon yamma, wajen birni, kamar wanda aka yi wa alkawarin aike. Amma mutum ne da ba ya iya zama hannu rabbana. Ya sa aka yashe rijiyoyin da suka cike, ya ta da kasuwar da ta mutu, ya zauna shari'ar gonaki da kansa har ya san wace fadama ce ta wane gida. Ya kori wani wakilinsa da ya gano yana karɓar akuyar talakawa da sunansa. Kafin a yi damina uku ya daina hawa ganuwa, kuma in baƙo ya kushe furar Kafin Dashi a gabansa sai ka ga ransa ya ɓaci.

Mutanen cikin gari sun saba da shi. Na kan duwatsu ne ya kasa. Yawancin jama'ar ƙasar can suke, maharba da masu noma a gangare, a ƙananan unguwanni da ke warwatse tsakanin duwatsu. Su a wajensu jar riga ba ta taɓa zuwa da alheri ba. Da zarar sun hango dogari yana hawowa, sai unguwa ta zama kufai, ko kaza ba zai tarar ba. Marafa ya aika da goro, ya aika da gishiri, aka karɓa aka yi godiya daga nesa.

A garin kuma akwai Magajiya Yalwa, ƙanwar mahaifiyarsa, tsohuwa doguwa mai ƙarancin magana. Ita kaɗai ta rage daga gidan tsohuwar sarauta, kuma a ɗakinta itacen tambarin yake. Marafa yana kai mata gaisuwa kowace Juma'a, yana tsayawa a tsakar gida, bai taɓa yarda ya leƙa ɗakin ba.

A ƙarshen wata damina zumar da ke cikin kukar ƙofar gabas ta tashi gaba ɗaya da tsakar rana, ta bi ta kan gari ta yi yamma. Tun kakanni take cikin kukar nan. Magajiya ta aiko a faɗa wa Marafa cewa rabon da zumar ta tashi tun shekarar da aka ci garin. Marafa ya ce camfi ne, ya sa liman ya yi addu'a, amma ranar bai iya cin abinci ba.

Ba a jima ba labari ya iso a bakin 'yan gudun hijira. Wani Kacalla Ja-ido ne ya ɓullo daga gabas da ragowar mayaƙan da Faransawa suka tarwatsa, mutane masu bindigogi da ba su da gida ba su da sarki. Inda duk suka bi sai su ƙone rumbuna, su kashe maza, su kora mata da yara su sayar a hamada. Sun riga sun cinye garuruwan ƙetaren kogi, abin da ya tsare su kawai ruwa ne, da ya ja baya kaɗan za su ƙetaro.

Marafa ba shi da runduna. Nasara sun karɓe bindigogi, sun hana kowane hakimi tara mayaƙa. Abin da ke hannunsa dogarai ne 'yan kaɗan da wasu tsofaffin barade da suka fi iya ba da labarin yaƙi. Nan da nan ya ta da manzo a kan dokinsa mafi gudu zuwa birni. Daga ranar bai ƙara samun sukuni ba. Ya koma hawa ganuwa, sai dai yanzu wuyansa biyu ne, ya dubi yamma ko manzo ya taho, ya dubi gabas ko kogi ya ja.

Manzo ya komo a galabaice, ya durƙusa ya ba da labarin majalisa. Ya ce Waziri ya nemi a roƙi Nasara su tura soja tun wuri. Sai Galadima ya tashi ya ce ruwa ba ya tsami banza, me ya sa ba a taɓa jin sunan wannan Kacalla ba sai da Marafa ya kafu a garin kakansa? Ya ce mai son tara maza ba ya rasa kurar da zai nuna. Aka yi ta ja-in-ja har azahar. Daga ƙarshe sarki ya ce a faɗa wa Marafa ya zauna inda yake, kada ya tara kowa, za a bincika, in maganar ta tabbata soja za su zo.

Marafa ya sallami manzo, ya dubi Jakada Dangana. Tsohon ya sunkuyar da kai, domin shi ma da idonsa ya ga matan da suka ƙetaro kogi da goyo babu maza.

Duk da haka Marafa ya gwada abin da doka ba ta hana ba. Ya tura dogarai kan duwatsu su yi shela, mutane suka hango jar riga suka ɓace. Ya sa aka hau ganuwa da ganguna aka yi ta kiɗa tun hantsi. Abin dariya abin haushi, sai ga 'yan mata sun gangaro da kwalliya suna tambayar gidan da ake biki, wasu samari kuma suka zo da fartanya suna tsammanin gayya ce. Maharba ko ɗaya bai sauko ba. A ranar masunta suka zo suka ce duwatsun mashigi sun fara nuna kai.

Da la'asar Marafa ya tafi gidan Magajiya, wannan karon bai tsaya a tsakar gida ba. Ya shiga ɗakin, idonsa ya saba da duhu, sai ya ga abin a kan wani dakali. Ba itace tsirara ya gani ba. Fata ce sabuwa ɗaure a bakinsa, an shafe ta da mai tana ƙyalli.

Ya ce, "Inna, wa ya yi wannan?"

"Tun shekarar da ka zo na sa aka ɗaure masa," in ji ta. "Mutanen dutse ba su san Marafa ba, ɗan nan, ba su san Dargaza ba. Wannan suka sani. In ya yi magana, ko mai jinya sai ya ɗauki bakansa."

Marafa ya ce to a nemo makaɗi ya buga, shi ba ya nan, bai sani ba. Magajiya ta girgiza kai. Ta ce bugun farko na mai tambari ne, da hannunsa, a fili, jama'a na gani. In wani ya fara taɓa shi, ganga ce kawai.

Ya fito ya rasa inda zai sa kansa. Ya zaga bayan gari, ya koma zaure, ya sake fita. Ya tuna rantsuwarsa, ya tuna fuskar Galadima, ya san sarai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In ya buga, rawaninsa ya tafi, wataƙila har da wuyan da ke ɗauke da shi. In bai buga ba, zai tsira da rawani ya zama hakimin toka. Tsoro ya ji ƙwarai, ba kuwa na Kacalla ba, tsoron a ce a birni Galadima ya yi gaskiya. Yana cikin wannan ya bi ta bakin wata rijiya da ya sa aka yashe, ya tarar mata suna ɗiban ruwa suna ta hira, suka rusuna suka gaishe shi hankalinsu kwance, don sun ɗauka tun da Marafa yana gari akwai dabara.

Washegari da hantsi, hadari na haɗuwa a gabas, aka fito da tambari ƙofar gidan sarauta. Marafa ya karɓi gula, sandar bugun tambari, daga hannun Magajiya. Ya nemi Jakada Dangana da ido bai gan shi ba, tsohon ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Marafa ya yi bisimilla ya buga.

Bai taɓa jin sauti irin wannan ba. A birni tambari daga nesa ake jinsa, a nan kuwa ta tafin ƙafarsa ya shigo ya tsaya masa a ƙirji. Duwatsu suka karɓa suka miƙa wa na bayansu. Tsofaffi suka fashe da kuka. Ya miƙa gula ga makaɗi aka ci gaba, sama kuma ta kece da ruwa da tsawa.

Kafin azahar suka fara gangarowa cikin ruwan, ɗaiɗai, sannan jere-jere, sannan kamar tururuwa. Maza baƙaƙe masu warki da kwari a kafaɗa, wasu da gatari, wasu da mashi. A gabansu akwai Sarkin Baka Tunau, shugaban maharba, gajere mai faɗin ƙirji, wanda Marafa ya yi shekaru yana aika masa goro bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya zo ya zube a gaban tambari tukuna, sannan ya juyo ya gaida Marafa.

Shawarar yaƙi ba ta yi tsawo ba. Tunau ya san mashigin kamar tafin hannunsa. Aka zuba maharba cikin kyauro da bayan duwatsun bakin kogi, aka bar Marafa da 'yan dawakinsa a fili a kan tudu, don Kacalla ya hango ya raina.

Ya kuwa raina. Da gari ya waye mutanensa suka faɗo ruwa suna ihu, bindigogi a ɗage bisa kai. Ruwan jiya ya ƙara wa kogi ƙarfi, ya kai wa dawaki ƙirji, albarushin da yawansu kuma ya sha laima. Marafa yana kan doki yana kallonsu suna matsowa, takobin da ya gada bai taɓa zarewa ba ya yi masa nauyi a hannu. Harsashi ya kashe dogarin da ke riƙe masa linzami. Bai motsa ba, ba don jarumta ba, sai don an ce masa in ya motsa kafin rabinsu su hau tudu komai ya lalace. Da rabin suka hau, Tunau ya busa ƙaho.

Kibau suka taso daga kyauro ta dama da hagu, masu dafi, waɗanda ko ƙwarzane suka yi wa doki sai ya durƙusa. Na gaba suka juya su koma ruwa, na baya suna turo su. Masu bindiga suka ɗana, rabi ta tashi rabi ta yi tusa. Sai masu gatari suka fito. Marafa ya sako dawakinsa daga tudu, shi kansa bai san lokacin da ya tsinci kansa a tsakiyar turmutsutsun ba, yana sara yana kiran sunan Allah. Aka sare shi a cinya bai ji ba sai daga baya. An ga Kacalla Ja-ido a tsakiyar kogi yana dukan mutanensa da bayan takobi su juyo, sai kibiya ta sami dokinsa a wuya, ruwa ya tafi da su duka biyun. Kafin rana ta take tsaka an gama. Aka ƙetara aka kwance matan da yaran da ke ɗaure a sansaninsa.

Kafin Dashi ta binne nata, ta yi kuka, ta yi murna. Wasu suka fara zubewa suna cewa "Zaki" in Marafa ya wuce, ya sa aka yi shela duk wanda ya ƙara za a yi masa bulala. Ya sa aka ɓoye tambari cikin wani rumbu a bayan gida. Ya yanka wa mutanen dutse shanu, ya yi musu godiya. Suka ci suka sha, suka koma kan tudun da ke bayan ganuwa suka kafa bukkoki suka zauna. Marafa yana kwance da ciwon cinya, ya ɗauka ƙauna ce ta sa suke jinkiri, har abin ya yi masa daɗi.

Jakada Dangana ya shigo duba shi, ya zauna a bakin gado ya daɗe yana murza gemu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kunnena ya tsufa. Ranar nan ina ɗaki, na ji an yi tsawa ƙwarai, har ƙasa ta girgiza. Abin da zan faɗa wa Zaki ke nan, ko a gaban wa."

Marafa ya kama hannun tsohon ya riƙe. A karon farko tun zuwan labarin Kacalla ya yi barci mai nauyi.

Amma fatake sun riga sun kai zance birni, Galadima kuma bai tsaya a fada da shi ba, bariki ya wuce. Sojan da aka ce sai an bincika kafin su zo, sai ga su sun iso cikin hanzari. Wata safiya aka hango su a hanyar yamma, Galadima Jibir a gaba cikin alkyabba, gefensa Baturen soja da mutane ke kira Ba-ka-dariya, bayansu alfadarai ɗauke da bindiga mai ruwa. Ba su shiga gari ba. Suka kafa ta a fili, bakinta yana kallon tudun da mutanen dutse suke.

Marafa ya fita da sanda yana ɗingishi. Galadima ya ce an ji tambari a Kafin Dashi. Aka kira Dangana, ya ce shi tsawa ya ji. Galadima ya juya tambayar ta kowace fuska, tsohon bai gusa ba, kuma duk wanda ke wurin ya san maganar jakada ita ce maganar da sarki zai karɓa. Fuskar Galadima ta yi baƙi. Bature ya saurari tafinta, ya ce shi ba ruwansa da ganguna. An nuna masa bindigogin Kacalla da aka kwaso, ya yarda an yi yaƙin kare kai. Abin da ya dame shi taron masu makami da ke kan tudu. In ba tawaye ba ne, hakimi ya sallame su. In la'asar ta yi da sauran mutum ɗaya a can, bindiga za ta sallame su.

Marafa ya ji sanyi a ransa, don yana ganin wannan mai sauƙi ne. Ya sa aka ɗora shi a kan doki ya hau tudun, ya tara su, ya yi musu godiya, ya ce kowa ya kama hanyar gida yanzu-yanzu. Suka saurare shi da ladabi. Babu wanda ya tashi. Ya maimaita da ƙarfi, ya nuna musu abin da aka kafa a ƙasa, ya faɗa musu abin da ya gani ta yi a ganuwar Dargaza. Suka dubi juna.

Sarkin Baka Tunau ya matso ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ba bakinka ne ya kira mu ba, balle ya sallame mu. Wanda tambari ya kira, tambari ke sallamarsa. Namijin da ya juya masa baya kafin ya yi bugun sallama, ba a ba shi mata, ba a binne shi kusa da ubansa. In wancan ƙarfen zai kashe mu, sai ya same mu a nan."

Marafa ya sauko ya wuce gidan Magajiya kai tsaye. Ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa masa ba. Ba ta ɓoye ba.

"Ba ka tambaya ba, ni kuma ban so ka tambaya. Bugu biyu ya rage wa tambarin nan, ɗan nan, na sallama da na yaƙi. Maza ga su can, sun ɗanɗana nasara, kai suke jira. Ubana ya mutu a ƙofar nan yana sarki. Ka zaɓa."

Ya ji haushinta, ya kuma ji tausayinta, tsohuwar da ta yi rayuwarta duka tana gadin itace. Ya ce, "Inna, ke ba ki ga bindigar nan tana aiki ba. Ni na gani."

Inuwa ta fara tsawo. Dangana ya tare shi a zaure, ya riƙe masa riga, ya roƙe shi ya bari a kai tambarin bayan dutse a buga a can. Marafa ya ce tambarin da ake ji a ƙetaren kogi, wane dutse ne zai ɓoye shi? Kuma da hannunsa ne, a fili, jama'a na gani, haka abin yake. Ya ce wa tsohon ya gode, tsawar da ya ji ta isa, kada ya ƙara wa kansa wata.

Aka fasa rumbu aka fito da shi. Maza huɗu suka ɗauko shi ta ƙofar yamma, suka bi ta gaban soja, ta gaban Galadima, suka ajiye a gindin tudu. Galadima ya gyara zama a kan sirdi yana murmushi. Magajiya ba ta fito ba, sai ta aiko da gula a hannun makaɗi, tare da yadda ake bugun.

Marafa ya jefar da sandarsa ya tsaya da ƙafafunsa. Ya buga, a hankali, da tazara, kamar yadda aka faɗa masa. Duwatsu suka amsa. A kan tudu aka ga maza suna miƙewa, suna rataya kwari, suna kashe wutar girki. Suka fara bin hanyoyinsu, wasu arewa wasu kudu, babu gaggawa.

Galadima ya juya ya ce, "Jakada, yau ma tsawa ce?"

Sama tas take, babu ko gajimare. Dangana ya share ido da hannun riga. "Na ji tambari, ranka ya daɗe."

Galadima ya yi wa dogaransa alama, suka nufo Marafa. Marafa ya ɗaga musu hannu ya ce su dakata, da sauran mutane a kan tudu. Suka tsaya. Marafa ya ci gaba da bugu, cinyarsa tana zubar da jini cikin wando, idonsa a sama. Sai da ya ga bakan ƙarshe ya shige bayan dutse, tudun ya zama wayam, sannan ya ajiye gula a kan fatar, ya kai hannu ya fara warware rawaninsa da kansa.